Abin da Baya Zai Ɗauka

A kan teburin girki, a Kuusamo,
Onerva ta jera ƙarafa uku:
gatarin kakanta Veikko, ƙotarsa ta yi baƙi don gumi,
zarto mai naɗewa kamar aska,
sai wuƙa, tsawon tafin hannu.

Ta ɗora gatarin a sikelin fulawa.
Allura ta zarce kilo.
"Kwana huɗu fa a bayana, Kaka."
Tsohon bai ɗago daga kofinsa ba.
"Nauyi a hanya, sauƙi a murhu."

Ta bar shi. Zarto ya shige aljihu.

Dare na biyu ruwa ya tsuge a bakin tafki.
Zarto ya yi nasa,
gunduwa-gunduwa, kowacce sharkaf.
Tsinken ashana bakwai suka mutu a banza.

Can ta tuna busasshen yana ciki.
Ta kafa wuƙa bisa gungume,
ta maka mata reshe, ta ƙara, ta ƙara,
har icen ya buɗe farar zuciyarsa.
Wuta ta kama da ƙyar.
Tafinta duk bororo.

Da ta dawo, gatarin na nan kan sikeli,
an wasa shi.
Veikko bai tanka ba.
Ta ce, "Ana samun ƙota gajera?"