Allin Tela

Na zo Nima da taswira a hammata,
da sandar awo, da takalmin roba,
da lissafin da na'ura ta yi mini a ofis:
ruwa irin na bara, in ji ta,
sau ɗaya yake zuwa a shekara hamsin.

Baba Gariba tela bai ce uffan ba.
Ya ɗauke ƙafa daga kan keke,
ya janye labule, ya nuna mini bango.
Zane ne na alli, layi bisa layi.
Na ƙasa iya idon sawu, shekarar da ya buɗe shago.
Na sama da shi iya gwiwa.
Sai wani iya ƙugu, an rubuta Lariba a gefensa,
ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba.
Uku na ƙarshe sun matsu da juna
kamar fasinja a motar Circle,
ba shekara hamsin tsakaninsu,
ko biyar babu.

Ya ce, 'yar nan, miƙo takardar.
Ya shimfiɗa ta inda yake yanka yadi,
ya bi lambatuna da ɗan yatsa
tun daga Mamobi har inda ya faɗa Odo.
Ya ce, ɗinkin ya yi kyau,
amma kin yanka wa ruwa rigar bara.
In aka kawo mini yaro mai tasowa
ba na ɗinka masa daidai jiki.
Ina naɗe rara a cikin kalmasa,
baɗi a warware, riga ta bi shi.
Ruwan Ankara yanzu yake tasawa,
ina rarar da kika bar masa?

Na ce, Baba, ba fili.
Ko'ina ɗaki, ko'ina kanti,
mun shafe ƙasa da siminti har ba ta da bakin sha.

Ya yi dariya, allura a leɓe.
Kakanninmu da suka zo da shanu, suka koma da goro,
wani ne ya ce musu ga wuri, ku sauke kaya.
Shi ya sa ake ce mana 'yan zango.
Kowa ya samu masauki a garin nan
ban da ruwa.
Baƙon da aka hana zaure
ai ɗakin kwana zai shiga.

Daren nan ban runtsa ba.
Na sauke filin ƙwallon makaranta da mita guda,
da rani yara su buga,
da damina ruwa ya kwana biyu ya wuce.
Na ɗaga gada, na faɗaɗa kwalbati,
na bar gefensa ba kankare, ciyawa da gora,
wanda zai zo bayana ya samu abin warwarewa.
Na sa raga mai tare leda,
na rubuta sunan ofishin da zai kwashe ta ranar Asabar,
don raga ba ta kwashe kanta.
Dakalin kasuwa na ɗaga shi iya ƙirji,
Mma Fusena ta daina ɗora buhun wake a kan benci
tana kwana a tsaye.

Wata bakwai ke nan takardar tana kan tebur.
An ce ta yi tsada.
An ce a rage faɗin, a maido shi yadda na'ura ta ce.
Na ƙi sa hannu.

Jiya na bi ta shagon, hadari ya haɗo daga gabas,
kwata ta fara wari irin nata na gargaɗi.
Baba Gariba yana ɗaure kan keke da igiya
zai rataye shi a azara.
Ya ce tsayinsa ya ƙare,
in ruwa ya wuce layin bara, hannunsa ba zai kai ba.
Ya karya allin biyu,
ya ba ni rabi.