Juma'ar da Teku Ta Ci

Buba Gaji, tuƙa a hankali,
ba sauri nake yi ba.
Kwanana tara da dawowa Garwa,
har yau tsakar gidana lilo take yi da ni.
A kwalekwalenka kaɗai nake jin na tsaya.

Girman jirgin kake tambaya?
Ɗauki babbar kasuwa, ɗora mata asibiti,
ɗora masauki, ƙara wani a kai,
ka tunkuɗa su cikin ruwa.
Hawa goma sha huɗu.
Tagar ɗakina kamar faifai, kuma ba ta buɗuwa.

Dijja ce ta biya, 'yata mai aikin jinya a Faransa.
Ta ce, Baffa, shekara talatin kana auna auduga,
je ka auno duniya.
Na ce da ma shanu kika saya min.
Ta cusa min maganin jiri a aljihu, ta juya baya
don kada in ga idonta.

Alƙibla a can akuya ce da ta tsinke igiya.
In ta da kabbara tana gabana,
in sallame tana kafaɗar hagu.
Wani yaro mai wanke kwanuka, Wahyu, ɗan Indunusiya,
shi ke nuna min ita da haɓa
in mun yi kiciɓis a lungu, faranti har wuyansa.
Shi na ba kilishina na ƙarshe.

A Panama rufe mu suka yi a kwarmi,
suka sako ruwa ta ƙasa,
jirgi ya hau tudu kamar tsoho a matakala.
Kai na tuna, da yadda kake tsine wa yashin rani.

Teburina da wata tsohuwa Bajamushiya.
Kullum sai ta jingina hoton mijinta da kwalbar gishiri,
ta juya fuskarsa wajen taga.
Ba ta jin Faransanci, ba na jin nata.
Wata uku muna hira da cokali.
Ranar rabuwa na nuna mata hoton Inna Kulu,
ta daɗe tana kallo, ta gyaɗa kai.

Amma ga abin da ya hana ni barci.
Muna bin rana yamma, yamma,
bayan 'yan kwanaki a ce mu mai da agogo baya awa guda.
Na ce kai, Turawa da kyauta!
Ashe bashi ne.
Tsakiyar wani ruwa da ko tsuntsu ba ya ratsawa
na kwanta daren Alhamis,
na yi wanka da asuba, na sa farar rigata, na fesa turare,
sai takardar ƙofa ta ce Asabar.
Na tare matuƙi, mai zinariya a kafaɗa.
Ya ja min layi a taswira da yatsa,
ya ce nan muka ƙetare.
Na leƙa ruwan. Ban ga layi ba.
Ban ga Juma'a ba.

Na kai wa Modibbo Hammawa ƙara:
salla biyar na ranar da ba ta zo ba,
in rama, ko ba a bi na?
Ya shafa gemu, ya zuba min shayi,
ya ce in dawo jibi.
Jibin nan uku ke nan.

Kauce, ga kunnen dorina can.

Duniya? Na zaga ta, ban ga bakinta ba.
Binuwai kuwa ga gaɓa, ga gaɓa,
ga Tingilin zaune inda na bar shi,
ga mata na bugun wanki a kan dutse,
ruwan ma in ka ɗiba ba ya yi maka gardama a maƙogwaro.

Ungo ɗari biyunka. A'a, riƙe canjin.
Gobe Juma'a.
Zo ka ɗauke ni tun hantsi,
in je in tsare ta a ƙofar masallaci
kafin ita ma ta sulale.