Tsohuwar Koma

Shekara goma sha tara ina jefa koma a tekun Bohol.
Wadda ta yage sai in yanke ta, in bar wa ruwa.
Ashe koma ba ta san mai ita ya tafi gida ba,
tana can ƙasa tana kamu dare da rana,
ba mai ja, ba mai saye,
ƙaguwa ta shiga ta mutu,
warinta ya kira wata.

Ranar da Marivic ta rataye sikeli a ƙofar rumfarta
ta ce kilo feso goma sha huɗu,
dariya na yi har na ƙware da shinkafa.
Wa zai sayi abin da teku ma ya kasa haɗiyewa?
Ta ce a wata ƙasa mai sanyi
ana narka zaren a saƙa kafet,
masu takalma masu sheƙi su taka a ofis.
Na ce to, su yi ta taka.

Nenita matata ba ta tanka ba.
Da ruwa ya janye ta ɗauki buhu da wuƙa,
ta dawo da yatsu duk tsaga.
Rabin kuɗin ta sai man girki,
rabi ta zuba a akwatin adashi
mai kwaɗo uku, makulli uku, a hannun mata uku.

Daren da zazzaɓi ya kama Dodong
akwatin nan ya biya man kwale-kwale zuwa asibiti.
Ina riƙe da fitila, na kasa duban idonta.

Yanzu ni ke nutso.
Jiya na ciro wata daga kan duwatsu,
ƙasusuwan kifi sun cika ta kamar tsakiya.
Na duba ƙullin bakinta:
irin wanda babana ya koya mini,
ba mai yin sa a tsibirin nan sai ni.
Kilo shida. Marivic ta rubuta a littafi,
ba ta tambayi mai ita ba.

Ba mu yi arziki ba, kada a ƙara gishiri.
Wani watan jirgin ɗaukar kaya ba ya zuwa,
dammuna su taru har su tsere wa rufin ɗaki.
Amma ƙananan kifi sun fara dawowa bayan coci,
inda yara suka daina zuwa da ƙugiya tun bara waccan.

Wanda ke tsaye kan kafet ɗin nan, ko wane ne,
ya taka a hankali.
Akwai ƙullin babana a ƙarƙashin ƙafarsa.