Jan Biro a Valparaíso

Ƙarfe biyun dare, jiragen ruwa na gunji a tasha,
ga ni, ga jan biro, ga takardu arba'in da ɗaya.

Ximena ta rubuta: tunda lissafi ya ce
lu'ulu'u zai koma baƙin cikin fensir da kansa,
zoben kakarta ba zai ga baɗi ba.
Haba yarinya, "zai yiwu" daban, "yaushe" daban.
Dutsen da ke saman unguwarku
ƙasa yake so tun kafin a haife ki,
amma wa zai tura shi?

Eleuterio ya haddace cewa anod ɗebewa ce.
Haka take a batir.
Sai ya ɗauke ta ya kai kwamin tace tagulla,
inda ubansa ya yi furfura,
can kuwa alamar ta juya.
Saki alama, ɗana,
nemi gefen da ƙarfe ke narkewa yana sakin elektron.

Maite ta ce katalis na ƙara yawan abin da za a samu.
A'a.
Taragon da ke hawa da mu tudu
haki yake ragewa,
bai taɓa matsar da gidan kowa ba.

Shayina ya huce.
Zafinsa ya bazu cikin ɗaki,
ko na roƙa ba zai dawo kofi ba.
A kan wannan aka taɓa ba ni uku cikin bakwai,
na yi kuka a bayan ɗakin gwaji.

Na koma takardar Maite,
na ƙara mata rabin maki.