Rumbun Kaka Verla

Ranar Litinin ba a neman Marnae a ɗakin karatu.
Biyar na bugawa take rufe littafi, ko a tsakiyar jimla ne,
ta ce, "Ladidi, ɗauko rigar sanyi,
daren iyali ne, kuma akwai rarar kujera."

Daga Logan zuwa gidansu rabin sa'a.
Ƙanƙara ta kwanta a duwatsu kamar an shanya gari,
motar na tari, ita tana lallashi.

Ƙanne shida, kowa da aikinsa
a jikin faifan kwali da ke juyawa a ƙofar firij:
wannan addu'a, waccan waƙa,
auta Tyrel shi ne sarkin rabon zaƙi.
Gidan nan ba a dafa shayi.
Ni da ba na gane mutane sai na kurɓa,
na haɗiye ƙorafina da ruwan cakulan.
Aka kawo wani kore yana rawa a faranti,
da karas a cikinsa, ya sandare kamar an tsare shi.
Na ci. Har na ƙara, don an zuba mini ido.

Kaka Verla ta gyara zama.
"Shekarar da aka haifi ubanku
taya ta fashe mana a hanyar Nevada, tsakar dare,
ba gari, ba fitila.
Sai ga tsoho, daga ina, oho.
Ya ɗaura mana wata, ya ce, ku je ku cika rumbu.
Na juya in miƙa masa burodi,
ba mutum, ba sawu."
Yara suka haɗa baki:
"Ɗaya daga cikin ukun nan ne da mutuwa ta tsallake!"
Uban ya ce, "Mama, bara a hanyar Idaho kika ce."
Ta ce, "Hanyar ka zo ji ko labarin?"

Ban yi dariya ba.
Ni ma ina da kakar da ta rantse
an rako ta daga kasuwar Maigatari har ƙofar gida,
ta waiga, sai kukan gyare.

Ta ja ni ƙarƙashin ƙasa, matakala goma sha uku.
Alkama a bokitai, wake, zuma, gishiri,
kwalabe jere kamar ɗalibai ranar jarrabawa,
kowace da shekararta a goshi.
Ɗaya ta ware a ƙarshen kanta.
"Wannan tuffa shi ya fere da hannunsa.
Ba a buɗe ta." Ta goge murfin da haɓar riga.

Ran Laraba a masaukinmu aka kashe wuta,
'yan mata muka yi da'ira,
kyandir na yawo hannu zuwa hannu da zobe a wuyansa.
Wadda aka yi wa baiko ita za ta hure.
Ya iso gare ni, na riƙe numfashi kamar ɓarawo.
Ya wuce. Marnae ta hure.
Ihu har mai gadi ya leƙo.

Amma abin da ya hana ni barci daban ne.
Kafin mu fito, Kaka ta buɗe wani babban kundi,
sunaye kan sunaye, har wani maƙeri a ƙasar Wales,
ta miƙo mini biro: "Naki fa?"
Na rubuta Inna. Na rubuta Hajjo. Na rubuta Yalwa.
Daga nan biron ya tsaya,
ba don tawada ta ƙare ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare, asuba ce a Gumel.
Na kira.
"Inna, wa ta haifi Yalwa?"
Shiru, sai zakaran maƙwabta.
"Ke da kika tafi karatun ƙasa da ruwa,
wa ya aike ki tonon kaburbura?"
Ta yi tsaki. Na ji ta ajiye buta.
"Kina da takarda kusa?"