Daren da Inno Ta Ɗaga Kwalba

A hanyar Kalambaina, bayan rumfar masu walda,
akwai farin gini mai ƙofa biyu.
Nan muke dafa maganin zazzaɓin yara.
Ni ne mai rajista: biro, agogo, ma'aunin zafi.
Kowace sa'a in leƙa tukunya, in rubuta abin da na gani.

Daren nan bazara ta ƙi sauka,
zafin Sakkwato da ke kwana cikin bango.
Janareto ya yi tari biyu ya mutu, Jabbi ya tashe shi,
ni kuwa ina bakin famfo ina jiƙa ƙeya.
Ƙarfe biyu ta zo ta wuce, ban leƙa ba.
Na dawo na tarar da gurbi a takarda, baki buɗe.
Na ce, jiya nawa ne? Shekaranjiya nawa?
Na ɗauko lambar jiya na zaunar da ita a gidan yau.
Biro ba ya gardama.

Inno ce ta gani.
Ba ta zauna ajin kowa ba, kwalba take wankewa,
shekara goma sha ɗaya tana kallon gilashi
har idonta ya raba tsabta da mai kama da tsabta.
Ta ɗaga guda ga fitila,
ta juya, ta sake juyawa.
"Wagga ba ta yi ba. Ku dubi gindinta."
Abu kwance, fari-fari, kamar gasara ta kwana.

Motar Illela na waje, direba na cizon yatsa.
Kwali ɗari biyu an riga an ɗaure.
Modi mai inji ya dubi Malama Tumba ta ɗakin gwaji,
ita ko ba ta dubi kowa ba, ta danna jan maɓalli.
Ta ce, "A gidan nan wanda ya ga abu
shi ne babba, har sai an gano."

Bayan Asuba muka zauna a ƙasa, da manaja da mai shara.
Ba a ce wa ya yi ba.
Aka ce, ina igiyar ta tsinke?
Jabbi ya ce wuta ta tafi minti ashirin.
Modi ya ce muciyar injin ta tsaya, ruwan ya huce.
Aka buɗe rajista.
Rajista ta ce lafiya lau.

Na ji fanka tana ƙirga numfashina.
Na tuna ɗiyata Kulu, yadda take runtse ido
ta buɗe baki ga cokali
don ni na ce mata zai yi mata magani.

Na ce, "Ni ne. Ban duba ba."

Manaja ya cire hula ya sosa kai ya mayar.
Kwalba dubu huɗu muka tuttular,
ina riƙe da tiyo, kuɗin wata uku na bin rariya.
Ba a kore ni ba. Wannan ya fi kora nauyi.
Malama Tumba ta ja layi a takarda, ta ƙara gurbi:
hannu biyu ke sa hannu yanzu,
an rataya ƙararrawa, an kawo randa kusa da ƙofa,
an kuma rubuta da alli inda kowa ke wanke hannu:
gurbin da ba komai ya fi wanda aka cika da zato.

Watan jiya jikin Kulu ya yi zafi.
Na je kemis a Mabera, aka miƙo mini namu.
Na karanta lambar dahuwa, na gane daren, na gane hannuwan.
Duk da haka na ɗaga ta ga fitila,
na juya, na sake juyawa,
mai shago na kallona kamar na zare.