Tabo a Haɓa

Goggo Sumintra ta ce in zo da sassafe,
kafin zafin rana ya dagula mata tunani.
Shekara casa'in da ɗaya. Ido ya tafi,
kunne na nan daram.
Na jingina waya da buhun shinkafa,
na danna ɗaukar murya.
Ta ce, “Kashe abin nan, ki fara cin roti.”
Na ci. Ban kashe ba.

Suna ɗaya ta ba ni: Bhagwantia, kakarta.
Ta haye baƙin ruwa daga Kalkatta
da ƙunshin tsumma da ƴar tukunyar tagulla,
ba miji, ba wa, ba mai ɗaga mata hannu.
Wace shekara, Goggo?
“Shekarar da ruwa ya ci rake.”
A Berbice wace shekara ce ruwa bai ci rake ba?

Na shiga mota kafin gari ya waye,
na bi gaɓar teku har Georgetown.
Ɗakin ajiyar takardu na warin tsohuwar damina.
Mai tsaronsa, Fitzroy Cumberbatch,
dogo, furfura har a gira,
ya karɓe biro, ya miƙo min fensir.
“Wanke hannu. Kada ki lasa yatsa don juya shafi.
Kuma kada ki amince da harafi, ƴata.
Akawun Bature abin da kunnensa ya tsinta ya rubuta,
yana gumi, yana jiran a tashi.
Faɗi sunan da baki, ki nemi mai kama da shi.
In suna ya ɓata, bi sunan uba.
In uba ya ɓata, bi ƙauye.
In ƙauye ya ɓata, bi tabon jiki.
Fata ba ta kuskuren rubutu.”

Kwana uku ina bin layuka kamar mai tsintar tsaba.
Mata uku suka amsa sunan.
Ɗaya zazzaɓi ya ɗauke ta a teku,
an ja mata jan layi.
Ɗaya ta cika wa'adinta ta koma gida.
Ta ukun an rubuta ta Bugwantea:
shekara goma sha tara, gajera,
uba Jhagroo,
tabo a haɓa.

Na fita baranda na kira gida.
“Goggo, tana da tabo?”
Shiru, sai kukan kaji ta cikin waya.
“A haɓa,” in ji ta.
“Nan nake cusa yatsa in ta ɗauke ni.”

Sunan ƙauyen kuwa gara ta riga ni.
Ta ci gaba, ta ci tsakiya,
ta bar min wutsiya: pur.

Na ce da Cumberbatch, kai fa, ka samu naka?
Ya goge tabarau da gefen riga.
“Na samu. A lissafin kayan gandu,
tsakanin alfadarai da tukwanen dafa rake.
Yaro ɗaya, lafiyayye, kuɗinsa kaza.
Shekara ashirin da shida ina gaishe shi duk safiya,
ban san da wane suna zan kira shi ba.”
Ya buga hatimi a kwafina,
ya ce in rubuta lambar kundi a baya,
don wanda zai biyo sawuna kada ya sha wuyar da na sha.

Da na karanta wa Goggo wutsiyar ƙauyen
ta yi dariya har da tari.
“Rabin Indiya da pur ya ƙare!”
Sai ta miƙo hannu. Na ba ta takardar.
Ta shafa ta sama da ƙasa, a juye take riƙe da ita.
“Ina haɓar?”
Na kama yatsanta na ɗora a kan kalmar.
Shayi ya huce a gabanmu,
ba ta ɗaga ba.